Ranar da Na Kawo Sufeto Kangire

Na yi ɓarna kala-kala a ƙuruciya, wasu ko an tuna min sai na yi ta lalube kafin su faɗo min a rai. Amma wannan ɗin kam, ko da sabulu aka wanke min ƙwaƙwalwa ba zai fita ba. Har gobe idan na bi ta gindin darbejiyar nan ta bakin tasha a Birnin Kudu, dariya da kunya ne ke taso min lokaci guda.

Lokacin ina acaɓa. Makaranta tun a aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye ta, ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi kanikanci wata uku na gudu, na sayar da rake na shanye rabi, na bi mota na dawo. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji ya koma addu'a. Abu ɗaya na tsira da shi daga makaranta, karatun Hausa. Kuma ba karatu kawai ba, na iya sauya murya. In ɓarawo ne ke magana sai in shaƙe maƙogwaro, in mace ce in siranta, in bindiga ta tashi in buga benci da tafin hannu har mutane su zabura.

Akwai wasu littattafan bincike da ake fitarwa bi da bi, kowanne da laifin da ake bin sawunsa, amma jarumin ɗaya ne, mu dai Sufeto muke ce masa. Babban abokin gabarsa wani mugu ne da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, ana ce masa Mai Safar Hannu. Taubashina, ɗan kawuna, direban bas ne a hanyar Kano, shi ke sayo min su. Kullum bayan La'asar sai a jera babura, a zauna a gindin darbejiya, in buɗe littafi. Wallahi na sha ganin mutum layinsa ya zo, fasinja na tsaye da kaya, ya ce wa na bayansa, "Ɗauke ta, ni sai Sufeto ya fito daga gidan nan."

Daɗin abin ba karatun ba ne kaɗai, musun da ake yi bayansa ne. Mutum biyu ne jagororin musun. Akwai mai faci, wani ƙato mai faɗin ƙirji, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Shi Sufeto ba ya kuskure a wurinsa, ko mutuwa ya yi zai ce dabara ce. Sai tela, siriri, shagonsa na kallon bishiyar, shi kuma ba abin da marubucin zai yi ya burge shi.

"Wannan marubucin raina mana hankali yake," in ji tela, yana cizge zare da haƙori. "Mutum ɗaya ya doke bakwai, ko hularsa ba ta faɗi ba? Da gam aka liƙa masa ita?"

"Kai da ko akuya ba ka taɓa kayarwa ba, ina za ka gane?" mai faci zai ce. "Horo ne, malam, horo!"

"Ni dai Mai Safar Hannu ne mutumina. Shi kaɗai ne mai kai a littafin nan."

"Allah ya shirye ka. Da ganin yadda kake rage wa mutane yadi an san inda zuciyarka take."

A bayana kuma kullum akwai wani dattijo mai sayar da goro, da faifansa da jiƙaƙƙen algarara a kai. Baba bai taɓa sa baki ba. In an tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce shi tatsuniyar yara ba ta dame shi ba, inuwa ya zo sha.

To, littafi na huɗu ya ƙare a mugun wuri. An kama Sufeto, an ɗaure shi, an jefa shi cikin tankar mai wadda ba komai a cikinta sai tururi, an rufe murfi, mota ta ɗau hanya. Shi ke nan, wai a nemi kashi na biyu. Ranar har wani ya yi jifa da takalminsa. Mako uku muna jira, kullum sai an tare ni, "Ya fito?" Da taubashina ya ce min ranar Alhamis zai shigo da shi, ban yi wata-wata ba na bi kowa na shelanta. Har masu lodin tasha na gaya wa.

Ranar Alhamis da azahar na kira shi. Sai na ji hayaniyar mata a bayansa.

"Kai bawana, yi min barka," in ji shi. "An sauka lafiya, namiji. Ina Dingaya gidan surukai." Haihuwar fari ce, matar tana gidan iyayenta.

Na yi masa barka da sauri na ce, "Littafin fa?"

"Ji marar kunya! Ana maganar ɗa kana maganar takarda. Na sayo, yana aljihun mota. Sai bayan suna."

Da na isa gindin bishiya sai na tarar ana jirana. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Benci ya cika, wasu kan babura, wasu a tsugune, mai faci har ya rufe injinsa ya wanke hannu. Ana hango ni aka sa tafi. Yanzu da na girma na san kalma uku kawai ake buƙata: bai iso ba. Za a yi tsaki a watse, gobe a manta. Amma ni da ban taɓa yin abin da aka tafa min ba sai wannan karatun, bakina ya ƙi furta su. Sai kawai na ji kaina ina cewa, "Takardar ba ta iso ba, amma an turo min shi ta waya."

Na zauna, na zaro waya, na ƙura mata ido, na gyara murya. A raina na ce yau kaɗai, gobe da sassafe in je Dingaya in karɓo na gaskiya in san yadda zan haɗa su.

Na fara. Sufeto na kwance cikin duhu, numfashi na ƙarewa. Ni kaina ban san yadda zan fitar da shi ba, ina magana ina nema. Sai na tuna zamana a garejin kanikawa, na tuna akwai bawul a ƙasan tanka inda ake sauke mai. Na sa shi ya goga igiyar a bakin ƙarfe har ta tsinke, ya lalubo bawul ɗin ya buɗe, ya kafa hanci yana shaƙar iska. Sannan ya cire bel ɗinsa ya dinga buga jikin tankar da kan ƙarfen, daidai lokacin da suka tsaya a shingen bincike. Ina bugun benci, ƙwan, ƙwan, ƙwan, wuri ya yi tsit, har kukan tsuntsu ana ji. Da aka buɗe murfi Sufeto ya leƙo, wallahi sai da mutane suka miƙe tsaye suna kabbara.

"Na gaya muku!" mai faci ya ɗaga ni sama kamar buhun ƙaiƙayi. "Na ce ba zai mutu ba!"

Abin da ya gama kashe ni shi ne tela. Ya ajiye almakashi ya ce, "Gaskiya yau marubucin nan ya yi hankali. Wannan dabarar tana shiga kai. Da alama an yi masa faɗa."

Tela! Mutumin da littafi huɗu bai yaba ko layi ɗaya ba. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Washegari ban je Dingaya ba. Ina tuƙi ina tsara abin da zai faru, har na wuce da wata Hajiya ƙofar asibiti sai da ta dunguri bayana ta ce, "Kai yaro, Gwaram za ka kai ni?"

Rana ta biyu ta fi ta farko. A rana ta uku na yi katoɓarar. Littattafan nan duk a manyan birane suke faruwa, benaye, otal-otal, titi mai hawa biyu, wuraren da ni ban taɓa takawa ba. Na kai inda Sufeto zai bi Mai Safar Hannu a guje, sai na rasa titin da zan sa su, domin ban san ko ɗaya ba. Kai ya ɗau zafi, baki na gudu, sai kawai na ji na ce, "Mai Safar Hannu ya yar da motarsa ya ƙwace babur, ya saki kwalta ya yanki hanyar Kangire."

Wani ya ce, "Wace Kangiren?"

Da na ja da baya a nan, da wataƙila na tsira. Sai na ƙara mai. Na bi da su ta gefen gonakin dawa, na kawo tsamiyar nan mai reshe biyu da muke fakewa in ruwa ya kama mu, na kawo ramin da ke bayanta wanda duk ɗan acaɓan garin nan ya san sai ka kwanto hagu. Mai Safar Hannu baƙo ne, bai sani ba, ya faɗa ya yi sama. Sufeto kuwa ya kwanto hagu.

Jama'a, ban taɓa ganin murna irin wannan ba. Wani ya hau babur yana ta danna oda. Wani yana rantsuwa a ramin nan ya fasa gwiwa bara, yana nannaɗe wando yana nuna tabo.

"Ɗan Jigawa ne!" mai faci yana ihu. "Marubucin nan ɗan gida ne! Ashe namu ne!"

"Ko dai matarsa 'yar nan ce," in ji tela. "Amma Sufeto ya aka yi ya san ramin?"

"Bincike, malam! Kana zaton kwana yake kamar kai?"

Aka shiga lissafin wa zai iya zama. Wani ya ce wani ma'aikacin asibiti ne da aka yi wa canjin wurin aiki, wani ya ce ai shi ya taɓa ɗaukar wani mai tabarau da jaka a hanyar, yana ta tambaye-tambaye, lallai shi ne. Ina zaune ina jin su, na san ƙarya ce, amma wani ɓangare na zuciyata kamar ana zuba masa zuma.

Rana ta huɗu na tsaya a inda Sufeto ya tsaya a kan Mai Safar Hannu, ya miƙa hannu zai yaye masa rawani. Na ce sai gobe. Goben kuwa mai faci ya tafi Gwaram gaida surukinsa da ba shi da lafiya, aka ce ba za a ci gaba ba sai ya dawo.

Ya dawo da yamma idonsa jawur. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Ina yaron nan? Kawo wayarka."

Ashe a majalisar ƙofar gidan surukan nasa ya ba da labari, yana alfahari an sa ƙasarmu a littafi. Sai wani malamin firamare a wurin ya ce shi ya karanta kashi na biyun tas, babu Kangire babu dalilinta. Musu ya yi zafi. Mai faci ya miƙe a gaban surukinsa da ƙannen matarsa ya rantse da Allah cewa da kunnensa ya ji an karanta. Malamin ya yi dariya ya ce wataƙila kunnen ne ke buƙatar faci.

"Ni zai ƙaryata a gaban surukaina?" in ji mai faci. "Ranar sunan ɗan taubashinka ai hanya ɗaya ce. Za mu biya ta Gwaram da wayar nan, ka buɗe masa wurin, ya karanta da bakinsa. Ƙanena, ka fitar da ni kunya."

Na ce caji ya ƙare. Ya ce ba komai, sunan ai sai jibi.

Washegari ana idar da sallar Asuba na tayar da babur sai Dingaya. Na tarar da taubashina yana ɗaure ragon suna. Na karɓi littafin na zauna a gindin rumbu na buɗe, ina addu'ar ko da wasa a ce an ambaci wani ƙauye. Ina! Sufeto ma ba da kansa ya fito daga tankar ba, wata 'yar jarida ce ta cece shi. Mai Safar Hannu kuma ashe mataimakinsa ne da suke cin abinci kwano ɗaya. Labari mai kyau, wallahi, sai da tsigar jikina ta tashi. Amma ko ƙurar Kangire babu.

Na kwashe komai na gaya wa taubashina. Ya yi dariya har ya saki igiya rago ya zagaya gida.

"Bawana ya zama marubuci! Kai da ko wasiƙa ba ka taɓa gamawa ba!"

"Don Allah ka rufa min asiri. Ka ce ya ɓace. Ka ce iri biyu aka buga."

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Ka ga, wasa tsakaninmu halal ne, amma ba zan sa wa ɗana suna da ƙarya a bakina ba. Kuma mutumin nan rantsuwa ya yi saboda ya yarda da kai. In ka bari ya kai ka Gwaram, sau biyu ka kunyata shi. Ɗauki littafinka ka tafi."

A hanyar dawowa na yi tunanin wucewa Kano in ɓace wata guda. Na saba gudu ai, duk abin da ya yi min nauyi ajiye shi nake in ƙara gaba. Amma na rasa inda zan kai fuskar mai faci lokacin da ya ce min ƙanena.

Bayan La'asar aka taru. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga littafin. Aka fara tafi, na ce a dakata. Na ce, "Wannan shi ne na gaskiya. Abin da na yi kwana huɗu ina karanta muku, babu wanda ya turo min. Ni na ƙirƙira. Tun daga tankar har ramin."

Sai tela ya fashe da wata irin dariya har ya riƙe ciki. "Kai! Ashe kai na yaba? Na janye! Wallahi na janye!"

Wasu suka bi shi da dariya, wasu suka hau zagi. Wanda ya ce ya ɗauki mai tabarau ya sulale ya tayar da babur. Mai faci kuwa ya juyo. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce a hankali, "Na rantse da Allah a gaban surukina." Ya juya ya koma wurin injinsa. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

A nan ne Baba mai goro, wanda bai taɓa magana ba, ya gyara zama ya ce, "Ni tun ranar farko na sani."

Kowa ya juyo.

"Ina bayansa a zaune. Kwana huɗu yaron nan hoton babur ɗinsa yake kallo a wayar."

Tela ya ce, "Haba Baba! Me ya hana ka faɗa?"

"So nake in ga yadda zai fitar da mutumin daga tankar." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Da ya fitar da shi kuma sai na ce bari in ga ƙarshe. Ni ma da laifina, na ji daɗi na yi shiru."

Ranar suna ni na ɗauki mai faci a babur ɗina, shi bai so ba, Baba mai goro ne ya sa baki. A ƙofar gidan surukansa na durƙusa a gaban surukin nasa da malamin firamaren na ce Yaya bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa, ni ne maƙaryacin. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Malamin ma sai jikinsa ya yi sanyi ya ba shi haƙuri kan maganar kunne. Daga nan mai faci ya ce sai mun biya wurin wani malamin Islamiyya ya tambayi hukuncin rantsuwarsa. Malam ya saurare mu ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne babu kaffara a kansa. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai kuma ka san inda nauyin ya koma." Na ce na sani, Allah gafarta Malam.

Muka karanta littafin gaskiyar a kwana biyar. Amma an kafa min doka: tela zai zauna kusa da ni yana bin layi da ido. Ni da nake sarki a wurin na koma ana gadina. Musu kuwa ya dawo sabo. Wasu suka ce na marubucin ya fi, domin ba wanda ya zaci mataimakin ne. Wasu suka ce wane irin jarumi ne mace za ta ciro shi daga tanka kamar kaza. Tela ya ce duka biyun shirme ne, amma shirmen gida ya fi saurin shiga kai. Mai faci yana jin mu daga nesa, ba ya zuwa.

Sai da aka yi kusan wata biyu. Ran nan tayata ta yi faci, ba yadda zan yi, na tura babur wurinsa. Ya karɓa bai dube ni ba, ya cire tayar, ya tsoma tub a ruwa yana neman inda ke huci. Can, kansa a sunkuye, ya ce, "Da ya yaye rawanin, wa ya gani?"

Na ce, "Yaya, ai ka ji, mataimakinsa ne."

"Ba na littafin ba. Naka."

Na ce wallahi ban sani ba, ban kai nan a tunani ba.

"To ka je ka sani. Wata biyu ka bar min mutum a kwance a rami." Ya ɗago ya nuna ni da ƙarfen cire taya. "Amma kafin ka buɗe baki, ka ce naka ne. In ya yi daɗi mu ce ka iya, in bai yi ba mu zage ka da sunanka."

Haka aka yi. Ranar Juma'a na tsaya a gindin darbejiya hannuna ba waya ba takarda, na ce wannan nawa ne. Yau ba wani marubuci da zan ɓuya a bayansa. Na ƙarasa labarin. Tela ya ce ƙarshen ya yi gaggawa, kuma gaskiyarsa ne. Mai faci ya ce saura kaɗan ya kai na littafin. Wannan saura kaɗan ɗin ya fi min duk tafin kwana huɗun nan daɗi.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar da na yi don kada a raina ni ita ce ta kusa raba ni da mutanen da ba su taɓa raina ni ba. Na ɗauki abin da Allah ya ba ni na liƙa wa wani, saboda ina ganin wanda ya tsaya a aji biyu bai isa a saurare shi ba, alhali da na ce nawa ne tun farko za su zauna su ji. Kuma na gane idan mutum ya yarda da kai, maganarka ba a kunnensa take tsayawa ba, ɗaukarta yake ya kai inda ba ka zata ba, ya sa mutuncinsa a kanta. Tun daga ranar, duk abin da zan faɗa sai na tambayi kaina: in wani ya rantse a kan wannan a gaban surukinsa, zai dawo da fuskarsa?